Shin Hali Zanen Dutse Ne?

Akwai wani gwaji da ke yawo a wayoyin ɗalibanmu: ka amsa tambayoyi, ya ce maka kai iri kaza ne cikin iri 16 na mutane. Sunansa Myers-Briggs. Wata Ba'amurkiya da 'yarta suka gina shi a kan littafin Carl Jung na 1921. Ba mu ga laifi a gwada shi ba, sai dai mutum ɗaya kan sake shi bayan 'yan makonni ya fito wani iri daban. Abin da muke tsoro shi ne yaro ya zagi mahaifiyarsa, a yi masa faɗa, ya ce ai haka irinsa yake.

Bambancin ɗabi'a gaskiya ne. Sayyidina Abubakar mai taushi ne, Sayyidina Umar mai tsanani, shawararsu ma ta saɓa a kan fursunonin Badar, kuma ba a ce wani ya koma ɗan'uwansa ba. Amma Imam Gazali (ya rasu 505 Hijira) ya yi raddi a cikin Ihya'u ga masu cewa hali ba ya canzawa. Da haka ne, wa'azi ya zama aikin banza. Ana horar da doki da shaho, balle ɗan Adam? Ba kashe fushi ake nema ba, linzami ake sa masa.

To, yaya mutum zai san nasa? Malam ya kawo hanyoyi huɗu: zama gaban shehi mai basira, riƙon aboki mai gaskiya, sauraron abin da maƙiyi ke faɗa a kanka, da cuɗanya da jama'a. Ta ukun ta fi ɗaci, don maƙiyi ba ya sakaya magana.

Ta huɗun kuwa ta zo mana har gida. Tun da Madani ta faɗi a Disambar 2023, 'yan'uwa suka cika gidajen Managil da ƙauyukanta. Da yawa cikinmu mun ɗauka mu masu haƙuri ne, ashe ba a taɓa raba mana ɗaki da tukunya da wani ba. Wani kuma da ake kira marowaci, shi ya buɗe rumbun dawarsa. Haka ranar rabon ruwa a hawasha: dattijon da ya shekara 60 yana ganin ya gama sanin kansa, maƙwabci ya tare masa ruwa dare ɗaya, sai ya ji bakinsa na furta abin da bai san yana cikinsa ba.