Tsutsar da Likitan Tiyata Ke Tararwa a Hanji

Mutumin Darna Sabon Gari, a ƙaramar hukumar Illela, idan ciwon cikin ɗansa ya fi ƙarfin kemis da asibitin gari, hanya biyu ke gabansa. Ko ya nufi Sakkwato, ko ya tsallaka iyaka zuwa Ƙwanni ya miƙe gabas zuwa Galmi, garin albasa, inda asibitin mishan na SIM yake aiki tun 1950. Hujewar hanji sanadin taifod na cikin manyan abubuwan da ke kai yara ɗakin tiyata a can. A irin wannan aiki, a asibitocin ƙasashe masu zafi, likita kan buɗe ciki ya tarar da baƙuwar da ba ita ya zo nema ba: tsutsa mai rai, doguwa, ta biyo hujin ta fito.

Sunanta a likitance Askaris, mu kuwa tsutsar ciki muke cewa, wasu su ce macijin ciki. Macen kan kai tsawon santimita 35, tana zuba ƙwai kusan 200,000 a rana. Ƙwan na fita da bahaya, ya yi mako biyu zuwa uku a ƙasa mai laima kafin ya nuna. Yaro ya yi wasa da ƙasa ya sa hannu a baki, ko a ci latas ɗin da ba a wanke sosai ba, shi ke nan. Ƙwan ya ƙyanƙyashe a hanji, 'yar tsutsar ta huda ta bi jini zuwa hanta, ta wuce huhu, ta hauro maƙogwaro da tari, a sake haɗiye ta. Sai a wannan zuwa na biyu take zama a ƙaramin hanji ta girma, cikin wata biyu zuwa uku, ta rayu shekara ɗaya ko biyu.

Tsutsa ɗaya ko biyu ba kasafai suke kai mutum ga wuƙa ba. Yawa ne matsala, musamman ga ƙaramin yaro mai siririn hanji. Tsutsotsin kan cukuikuye kamar taliyar da ta kwana a tukunya, su toshe hanya. Ciki ya kumbura, amai ya ƙi tsayawa, babu bahaya babu tusa. Wani lokaci nauyinsu ya murɗe hanjin, jini ya daina zuwa, wurin ya mutu. Zazzaɓi mai zafi ko maganin sa barci kan tayar da su yawo, su shiga bututun madaciya, ko su fito ta baki ko hanci, abin da ke sa wasu iyaye zargin sammu.

Idan an zo da wuri, sau da yawa ƙarin ruwa da robar zuƙe ciki ta hanci sun isa. Idan an buɗe, likita kan matsa dunƙulen a hankali ya tura shi babban hanji. Ya ƙi, a tsaga a kwashe. Hanjin da ya mutu kuwa sai yankewa a haɗa.

Gaskiya yankinmu bai kai kudu yawan wannan tsutsa ba, domin zafin rana da bushewa na kashe ƙwan. Amma kada mu ruɗi kanmu: lambu da fadama da bayan gari a damina ba su rasa laima, kuma hanyar da ke kawo tsutsa, wato ƙazanta daga bahaya zuwa baki, ita ce ke kawo taifod. A ganina tsutsar da aka gani a tiyata shaida ce kan rashin masai da tsaftataccen ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum biliyan 1.5 ne ke ɗauke da tsutsotsin da ake ɗauka daga ƙasa, alhali ƙwaya ɗaya ta albendazol, miligiram 400, tana kashe Askaris, sau ɗaya ko biyu a shekara.

Iyaye, ku karɓi ƙwayar idan ma'aikatan lafiya sun kawo. Amma idan cikin yaro ya riga ya kumbura yana amai, kada a ɗura masa maganin tsutsa ko jiƙo, kada a jira gari ya waye. A kai shi asibitin da ake tiyata.