Jan Ƙarfe Zai Iya Mai Da Iskar Gas Ruwa?

Duk wanda ya bi ta Ƙofar Taramniya a birnin Sakkwato da hantsi zai ga yadda itace ya zama abin nema a gidajen jama'a, alhali kuwa daji sai ƙara ja da baya yake yi. Abin mamaki shi ne, kashin shanun da ake zubarwa kullum yana ɗauke da makamashi, watau iskar nan da masana ke kira methane. Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1982, ta daɗe tana nuna yadda ake tara wannan iska a rufaffen rami a yi girki da ita.

To, matsalar iska ita ce ɗauka. Methane ba ta zama ruwa sai sanyi ya kai digiri 162 ƙasa da sifiri. Rashin hanyar kai ta kasuwa na cikin dalilan da suka sa ake ƙone ta a banza a rijiyoyin mai na Neja Delta. Amma in an ƙara mata ƙwayar iskar oksijin guda ɗaya tak, sai ta zama methanol, wani ruwa da ake zubawa a garwa, a yi girki ko a sarrafa fenti da roba da shi.

Masana'antu suna yin wannan ta doguwar hanya. Sai sun fasa iskar da tururi a zafin da ya haura digiri 800, sa'an nan su sake haɗa ta. Wannan aiki kuwa sai babban kamfani mai jari.

A nan jan ƙarfe ya shigo. Aikinsa kamar na dillali ne a kasuwar Kara: ya haɗa mai saye da mai sayarwa, shi kuwa ba a sayar da shi. A 2005 masana a Jami'ar Leuven ta ƙasar Beljiyam suka nuna cewa jan ƙarfen da aka cusa cikin wani dutse mai ƙananan ƙofofi, mai suna zeolite, yana mai da methane methanol kai tsaye a zafin da bai wuce digiri 200 ba. Har wa yau, akwai ƙwayoyin halitta a cikin ƙasa da ke yin haka da jan ƙarfen jikinsu, ba tare da wuta ba.

Sai dai da sauran rina a kaba. Abin da ake samu kaɗan ne, kuma in dillalin ya zarce, methanol ɗin kan ƙone. Bugu da ƙari guba ne, shansa na makantarwa, har ya yi kisa.

Saboda haka ya kamata ɗalibanmu na kimiyya su shiga wannan bincike tun yanzu, hukuma kuma ta tanadar musu kayan aiki. In ba haka ba, ranar da dabarar ta nuna, mu da ke da shanun da gas ɗin mu ne za mu saye ta da tsada.