Wasannin bidiyo a Dungu: abin da ke bayan kalmar "na gama shi"

A fadojin matasa na Dungu, ƙaramar hukumar karkara da ke kusa da Matamaye a jahar Damagaram, ban da hirar ƙwallon Turai da kokawa da kasuwar rake, akwai wata hira da kan kai har shayi na uku. Hira ce ta waɗanda suka kai ƙarshen wani wasan bidiyo: wane mataki ya fi wahala, wane ne ya ci amanar jarumi, kuma ko ƙarshen labarin ya biya wahalar da aka sha. Yawancin iyaye na jin sunayen wasannin ba tare da sanin abin da ke cikinsu ba. Kalmar "na gama shi" kuwa tana ɗauke da lissafi na awoyi da kuɗi, da kuma irin labarin da yaro ya kwashe makonni yana ciki.

Ba kowane wasa ake gamawa ba

Wasannin da matasa ke yi sun kasu gida biyu. Kashi na farko na gasa ne, ba su da ƙarshe. Nan ne ƙwallo take: Pro Evolution Soccer na kamfanin Konami na Japan, wanda aka canza wa suna zuwa eFootball a 2021, da FIFA wanda ya koma EA Sports FC a 2023, da Dream League Soccer na wayar salula. Nan ne kuma Free Fire yake, wanda ya fito a 2017, inda ake jefa mutum 50 a tsibiri su fafata na kimanin minti goma har a bar ɗaya. Irin waɗannan kamar dara suke: a ci ka yau, ka rama gobe.

Kashi na biyu shi ne wasanni masu labari. Suna da farko da tsakiya da ƙarshe, kamar fim, sai dai mai wasa ne ke tafiyar da jarumin da hannunsa, kuma labarin ba ya gaba sai ya tsallake matakin da ke gabansa. Idan ya kai ƙarshe, sunayen waɗanda suka haɗa wasan su bi allo suna wucewa. Wanda ya ga waɗannan sunaye shi ne ya gama. A ƙwallo ana yabon mai saurin yatsa. A wasan labari mai haƙuri ake yabo.

Me ya sa tsofaffin wasanni ne a baki

Sunayen da suka fi yawo a irin wannan hira sun girmi da yawa daga cikin masu yin ta: Grand Theft Auto: San Andreas na 2004, God of War da Resident Evil 4 na 2005, da God of War II na 2007. Dukkansu ana buga su a na'urar PlayStation 2, wadda kamfanin Sony ya fitar a Japan a watan Maris na 2000, ya daina ƙera ta a farkon 2013, bayan an sayar da fiye da miliyan 160 a duniya. Da Turai da Amurka suka koma kan sababbin na'urori, tsofaffin suka gangaro kasuwannin Afirka a matsayin kwance. Yankin Matamaye kuwa ya fi kallon kudu wajen sayayya: hanyar Ɗan Barto zuwa Daura da Kano ita ce ke kawo kayan lantarki da yawa.

PlayStation 2 ta dace da ƙauye saboda dalilai uku. Ba ta neman intanet ko kaɗan. Ba ta cin wuta da yawa, har ƙaramin gurup ko batir na farantin hasken rana na iya ɗaukar ta tare da talabijin. Kuma masu gyara sun san cikinta. Da yawa an yi musu dabarar da suke karanta wasanni daga filash, ba sai da faifai ba. Sabon wasa na PlayStation 5 kan kai gigabait 50 zuwa 100, kuma yana yawan neman a sabunta shi ta intanet, abin da ya fi ƙarfin kuɗin data na ɗan makaranta.

Waya ma ta bi wannan sawu. San Andreas ya shigo wayoyin Android a watan Disamba na 2013, kuma manhajar PPSSPP, da ta fito a 2012, tana bai wa waya damar buga wasannin ƙaramar na'urar PSP. Mutum ɗaya ya sauko da wasa a Matamaye ko Damagaram, sauran su karɓa waya zuwa waya ta Xender, ba tare da an kashe ko dala ba.

Lissafin awoyi da kuɗi

God of War na farko yana ɗaukar awa tara zuwa goma. Resident Evil 4 yana kai awa goma sha biyar. San Andreas, mai ayyuka kusan ɗari, yana cin awa talatin ga wanda ya bi labarin kai tsaye, ban da maimaitawa idan an faɗi. A ce mai shago na karɓar dala ashirin a awa ɗaya: gama San Andreas ya tashi jika uku ke nan, idan komai ya tafi daidai. Da wuya komai ya tafi daidai.

Matsala ta farko ita ce ajiya. PlayStation 2 ba ta riƙe inda aka tsaya sai da ɗan katin ajiya mai megabait 8, kuma ba a ko'ina wasan ke yarda a ajiye ba. A San Andreas sai jarumi ya koma ɗaya daga cikin gidajensa, kuma ba a tsakiyar aiki ba. A Resident Evil 4 sai an sami na'urar buga rubutu, a God of War sai an shiga wani ginshiƙin haske. Idan wuta ta ɗauke ko man gurup ya ƙare kafin a kai wurin, duk abin da aka yi tun ajiyar baya ya tafi. An ga ƙarshen wannan matsala bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take bai wa Nijar, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke amfani da shi, har zuwa ɗage takunkumin CEDEAO a watan Fabrairun 2024.

Matsala ta biyu ita ce mai shago. Wasan ƙwallo na minti goma ne, mutum biyu ke biya, masu jira suna layi. Wasan labari mutum ɗaya ne ke riƙe na'ura tsawon awa. Don haka ba a cika barin mai labari ya zauna ba sai lokacin da babu ciniki, kamar da rana tsaka. Katin ajiya kuma na kowa ne: wani na iya goge ajiyar wani da kuskure, aikin wata guda ya salwanta. Shi ya sa a shago gamawa kan zama aikin gayya. Wannan ya tsallake mataki, wancan ya karɓi manet a na gaba, saura suna ba da shawara daga baya. A waya kaɗai mutum ke iya cewa shi ɗaya ya yi.

Abin da ake muhawara a kai

San Andreas labarin wani matashi ne, Carl Johnson, da ake kira CJ, wanda ya dawo unguwarsu a birnin Los Santos a 1992 bayan an kashe mahaifiyarsa. Ya tarar da ƙungiyarsu ta warwatse, wani ɗan sanda maci amana mai suna Tenpenny kuma yana juya kowa. Abin da ya fi tsaya wa masu wasa a rai shi ne gano cewa Big Smoke da Ryder, abokansa na ƙuruciya, da su aka haɗa baki. Matashin da ya tashi a fada ba ya buƙatar a yi masa bayanin zafin cin amanar aboki. Akwai kuma aikin bin jirgin ƙasa a kan babur, wanda ya yi suna a duniya wajen sa mutane maimaitawa.

God of War ya fi raba kawuna. Jaruminsa Kratos mayaƙi ne da Ares, gunkin yaƙi a tatsuniyoyin Girkawa, ya yaudara har ya kashe matarsa da ƴarsa da hannunsa, tokarsu ta manne a jikinsa. Wasu na ganin ramuwarsa daidai ce, wasu na ganin mutum ne da ya sayar da kansa don mulki, sannan ya ɗora laifi kan wani. Akwai kuma masu ƙyamar wasan baki ɗaya saboda gumakan da ke cikinsa. A Resident Evil 4, inda Leon Kennedy ya shiga wani ƙauye a Sifaniya don ceto ƴar shugaban Amurka, hirar ta fi karkata ga dabara: yadda ake tattalin harsashi, da bindigar da ta cancanci a saya wurin ɗan kasuwar da ke cikin wasan.

Duk wannan na faruwa ne cikin harshen da ba nasu ba. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan wasanni da ke da Hausa. Faifan da aka yi wa kasuwar Turai kan zo da Faransanci, a rubuce ko a baki, amma kwafin da ke bi ta Najeriya sau da yawa Ingilishi ne kawai, alhali ɗan Dungu Faransanci ya fara koya a lakwal. Sai ya zamana da yawa sun gama wasa sun fahimci rabin labarin, sauran sun cike da hasashe. Wanda ya fi jin harshen shi ke zama tafinta, yana yi wa fada irin aikin da masu fassarar fina-finan Indiya na Kano suke yi. A nan ne hirar bayan gamawa take da amfani: a cikinta ake haɗa labarin ya zama ɗaya, kuma da Hausa.

Abin da ya kamata iyaye su sani

A Turai kowane wasa na ɗauke da lambar shekaru ta tsarin PEGI, wanda aka kafa a 2003: 3, 7, 12, 16 ko 18. Wasannin ƙwallo suna da lamba 3. San Andreas, God of War da Resident Evil 4 duka 18 ne, saboda zubar da jini, ashar, da kuma, a biyun farko, abubuwan da suka shafi tsiraici da mata. Lambar tana jikin kwalin faifai. Wasan da ya zo a filash ko ya bi ta Xender ba shi da kwali, don haka ɗan shekara goma sha biyu na iya gama wasan da aka yi wa baligai ba tare da wani ya ga gargaɗin ba.

Sai batun lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar wasannin bidiyo cikin jerin cututtuka a kundinta na ICD-11, wanda aka amince da shi a 2019, ya fara aiki a watan Janairun 2022. Alamomin uku ne: mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasa kan sauran harkokin rayuwa, ya kuma ci gaba duk da yana ganin cutarwa, kuma hakan ya ɗore aƙalla wata goma sha biyu. Hukumar ta ce kaɗan ne daga cikin masu wasa ke kai wannan matsayi. A Dungu ma'aunin a fili yake: makaranta, sallah, gona da garka. Babban hutu yana faɗowa cikin damina, lokacin da ake neman hannu a noma. Awa talatin a watan jarrabawar BEPC kuma ba ɗaya ba ne da awa talatin bayan kaka. Ta wannan fuskar wasan labari ya fi sauƙin sa wa iyaka, tunda yana ƙarewa. Wasannin intanet marasa ƙarshe an tsara su ne don a dawo kullum, kuma suna sayar da kayan ado na cikin wasa da kuɗi na gaske.

Labari na gida

Los Santos, Girka, Sifaniya: babu inda ya yi kama da Korama. Amma an fara gwadawa. A Kamaru, kamfanin Kiro'o Games na Olivier Madiba ya fitar da Aurion a 2016, wasan da aka gina kan al'adun Afirka. A Legas, Maliyo Games na yin wasannin waya tun 2012. A Yamai, Mahaman Sani Housseyni Issa na MOGMedia Design ya haɗa Les Héros du Sahel, mai jarumi Shamsu da ke samun ƙarfi daga rana. Waɗannan ƙananan ayyuka ne idan aka kwatanta da na manyan kamfanoni, kuma ba su kai ƙauyuka sosai ba. Kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, sai dai wasan labari mai tsawo da ke magana da ita bai shigo fada ba tukuna.

Kafin ya zo, uba ko malami da ya ji yaro ya ce ya gama wasa yana da tambayoyi uku masu sauƙi: mene ne sunan wasan, awa nawa ya ci, kuma wane labari ne a ciki. Yaron da ya sha wahala ya kai ƙarshe ba ya ƙin ba da labari, kuma daga amsarsa za a gane ko wasan ya dace da shekarunsa.