Idan Noti Ya Karye Wajen Kwancewa

Manomi mai a-kori-kura, ko amalanke, ko garmar shanu, ba ya rabuwa da kwance noti. Wani lokaci ana cikin cire bambar mota don a miƙe ta, sai a ji ƙas, kan noti ya ɓalle, guntu ya maƙale cikin rami. In haka ta faru lokacin huɗa ko kwasar amfanin gona, aikin kwana biyu na iya tsayawa. Ga yadda za ka yi.

Me ke karya noti?

Tsatsa ce babbar sila. Ruwan damina, laka da takin zamani sukan ci ƙarfe, su liƙe zaren noti da ramin da yake ciki. Sai kuma gaggawa: a sa dogon bututu a jikin sufana, a danna da ƙarfin tsiya.

Kafin ka murɗa

1. Goge tsatsa da burushin waya.
2. Zuba man sassauta tsatsa. In babu, kananzir gauraye da ɗan baƙin mai zai taimaka. Bar shi ya kwana.
3. Ɗan bubbuga kan notin da guduma domin tsatsar ta farfashe.
4. Ɗauki sufana daidai kai. Motocin Japan sun fi amfani da lamba 10, 12, 14 da 17.
5. Murɗa hagu kaɗan, ka mayar dama kaɗan, ka ƙara mai. Sannu ba ta hana zuwa.

In ya riga ya karye

Duba inda ya karye, domin shi zai nuna maka dabara.

Idan guntu ya leƙo waje: goga gefensa biyu da magagari su yi faɗi, ka kama da filaya mai kulle kanta, ka murɗa a hankali.

Idan ya karye daidai da bakin rami: kai wa mai walda. Zai ɗora wani noti a kan guntun, ya liƙe su ta ciki. Zafin waldar yakan saki tsatsa. A bari ya huce, sannan a sa sufana.

Idan ya karye can ciki: sai hudawa. A fara buga alama a tsakiyar guntun sosai. A huda da ƙaramin baki, kamar milimita 3, sannan a ƙara girma kaɗan kaɗan. Ga noti mai kaurin milimita 10, kada a wuce 8.5, in ba haka ba an cinye zaren ramin. Akwai ƙarfen da ake murɗawa hagu cikin hudar ya zaro guntun, amma kada a matsa masa. Yana da tauri ƙwarai, in ya karye a ciki cire shi ya fi na farko wuya.

Hattara

Cire wayar batir kafin a yi walda a jikin mota. Kada a kai wuta kusa da tankin mai, tiyon birki, wayoyi ko bambar roba. Goge kananzir tas kafin wuta ta zo. Tokare bambar da itace don kada ta faɗo maka a ƙafa.

Sabon noti

Dubi lambar da ke kan tsohon, kamar 8.8 ko 10.9. Ita ke nuna ƙarfinsa. Sayi irinsa. Wasu garmunan tarakta suna da notin da aka yi domin ya karye in garma ta ci karo da dutse ko kututture. Kada ka musanya shi da wanda ya fi shi ƙarfi, garmar ce za ta lanƙwashe.

Shafa giris a zaren kafin ka ɗaura. Bayan girbi, wanke kayan aikinka, ka shafa musu mai, ka ajiye su a inuwa inda ruwa ba ya taɓa su. In abin ya gagara, nemi makanike ko malamin gona na yankinku tun ramin bai lalace ba.