Jar Tawada Ta Shiga Cikin Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa zama kusa da alaramma sa'ad da yake rubuta Alƙur'ani ya san ba da tawada ɗaya ake yin wannan aiki ba. A Kano da Borno akan rubuta baƙaƙe da baƙar tawada, sa'an nan a komo a zuba wasulla da ja, a ɗiga hamza da rawaya, alifin wasali kuwa a sa masa kore. Ba don ado kaɗai aka yi haka ba, sai don idon mai karatu ya rarrabe kowane abu tun kafin bakinsa ya kai gare shi. Tsofaffin akawuna na zamanin En'e su ma za su tuna da zaren tafireta mai launi biyu, baƙi da ja, wanda ake buga lissafin baitulmali da shi. To, ga shi wannan tsohuwar dabara ta shiga cikin kwamfuta, kuma tun da yake an ɗora wa malamanmu koyar da wannan ilmi, mun ga ya kamata mu yi bayaninta.

Kwamfuta ba ta yin kome sai an umurce ta, umurnin kuwa da wasu harsuna na musamman ake rubuta shi. Akwai BASIC wanda aka ƙaga a Amurka a 1964, da C wanda Dennis Ritchie ya tsara a 1972, da Python wanda Guido van Rossum, mutumin ƙasar Holan, ya fitar a 1991. Kowane harshe yana da keɓaɓɓun kalmominsa da ba a yin wani amfani da su sai wanda aka ajiye su dominsa. Harshen C yana da 32 a ƙa'idarsa ta 1989, Python kuwa yana da 35. Ban da waɗannan akwai lambobi, da zancen da ake so na'ura ta nuna yadda yake, da kuma sharhi wanda marubuci ke yi don amfanin ɗan'uwansa mutum, na'ura ba ta kula da shi.

Tun zamanin harshen ALGOL na 1960 masu ɗab'i sukan buga keɓaɓɓun kalmomi da kauri don su fita dabam. Da aka sami allon kwamfuta mai launi sai aikin ya koma hannun na'ura. A 1985 wani injiniyan kamfanin IBM mai suna Mike Cowlishaw ya ƙaga manhajar rubutu wadda ake kira LEXX, don aikin zuba babban ƙamus na Turanci na Oxford cikin kwamfuta, kuma tana cikin na farko da suka riƙa sa launi tun mutum yana cikin bugawa. Yau kusan duk manhajar da ake rubuta umurni da ita tana yin haka.

Yadda abin ke aiki ba wuya. Na'ura takan yayyanka rubutun gunduwa-gunduwa, ta gwada kowace gunduwa da ƙa'idodin harshen da aka gaya mata, ta ce wannan keɓaɓɓiyar kalma ce, wannan lamba ce, wannan sharhi ne, sa'an nan ta ba kowane jinsi launinsa. Amma fa a lura, launin nan ba ya cikin umurnin kansa. Idan an sake shi, ko an cire shi ɗungum, aikin da kwamfuta za ta yi ba ya sakewa ko kaɗan.

Ga misali ɗaya da ya shafe mu, mu masu rubutun Hausa. A harshen Python akan sa zance tsakanin alamomi biyu masu kama da alhamzarmu ta boko. To, in yaro ya rubuta print('ma'aikata') na'ura za ta ɗauka zancen ya ƙare a kan alhamzar da ke tsakiyar kalmar, watau ma kaɗai ke nan, sauran kuwa ya zama mata shirme. A kan takarda da wuya ido ya ga wannan kuskure, gama kalmar daidai take a Hausa. Amma a kan allo mai launi nan da nan za a ga kalma ɗaya ta rabu launi biyu, yaro ya gane da kansa, ya gyara ya rubuta print("ma'aikata") da alamun zance masu ɗigo bibbiyu. Haka yake ga sa'a, da jama'a, da 'ya'ya.

Inda matsala take shi ne alama ɗaya takan sake ma'ana daga harshe zuwa harshe. Alamar # a Python sharhi take buɗewa, amma a C umurni ne mai muhimmanci, kamar #include. Alhamza a Python zance take buɗewa, a Visual Basic kuwa sharhi. Saboda haka in ba a gaya wa na'ura harshen ba, sai ta yi kirdado. Manhajar highlight.js wadda Ivan Sagalaev ya fara a 2006 takan gwada rubutu da ƙa'idodin harsuna da yawa, ta zaɓi wanda ya fi dacewa. In rubutun dogo ne takan dace, in layi uku ne ko huɗu sau da yawa takan ɓata, gama kama da wane ba ta wane.

Mun ga wannan da idonmu a wata makarantar horon malamai. Wani malami ya shirya wa ɗalibai darasi da Visual Basic, bai faɗi harshen ba, na'ura ta ɗauke shi wani harshe dabam. Daga alhamzar sharhi na fari har zuwa ta biyu duk ta rina launin zance, alhali umurni na ainihi ne ke tsakani. Ɗaliban da aka saba wa dogara ga launi suka tsallake layukan, aikinsu ya ƙi tashi, darasin wannan rana ya tafi a banza. Malamin ba jahili ba ne, kalma ɗaya ya bari bai rubuta ba.

Maganin abin mai sauƙi ne. In fayil ne, ƙarshen sunansa ke nuna harshe: .py na Python, .c na C. In kuwa ana rubuta darasi ne da tsarin Markdown, wanda John Gruber ya fitar a 2004 aka kuma faɗaɗa shi daga baya, sai a buga alamar nan ` sau uku a farkon layi, a bi ta da sunan harshen, kamar python, a zuba umurnin a ƙasa, sa'an nan a rufe da wasu ukun. In abin da aka zuba ba umurni ba ne, kamar saƙon kuskure da na'ura ta fitar, ko jerin sunaye, sai a rubuta text a wurin sunan harshe, a bar shi ba launi.

Kada kuma a zaci launi yana koyar da ilmi. A 2015 an yi wani gwaji a Jami'ar Cambridge da mutum 10, aka ga launi yana rage lokacin da ake ɗauka kafin a gane umurni. Amma a 2018 wasu masana a Jamus suka gwada ɗalibai 390 masu koyo, ba su ga shaidar cewa launi ya ƙara musu fahimta ba. Ban da haka, cikin kowane babban aji ana iya samun yaron da idonsa ba ya rarrabe ja da kore sosai, abin da ya fi yawa ga maza, shi kuwa sau da yawa bai ma san yana da shi ba. Sa'an nan takardar da ake rabawa a aji galibi baƙi da fari ce, launuka masu haske sukan fito dishi-dishi ko su ɓace.

Don haka shawararmu ga malamai da akawuna ita ce, kullum a faɗa wa na'ura harshen, kada a bar ta da kirdado. In za a buga a takarda, a zaɓi tsarin da ke sa keɓaɓɓun kalmomi da kauri, sharhi kuwa a jirkice. Kuma aƙalla sau ɗaya a mako a sa ɗalibai su karanta umurni a allon bango da farin alli kaɗai, su faɗi da bakinsu wace kalma ce keɓaɓɓiya, ina zance ya buɗe, ina ya rufe. Almajirin da ya ƙware yakan karanta littafin da ba wasali, haka muke so ɗalibanmu su zama game da wannan sabon ilmi. Allah Ya sa mu dace, amin.