HAƘƘIN MAƘWABCI DA HAƘƘIN MAI NEMAN MATSUGUNI

Ya ku malamai da attajirai masu karanta wannan shafi, ga wata magana da ta taso a unguwarmu, can bakin birnin Kano, wadda na tabbata irinta ta taso a unguwanni da yawa.

Akwai wata gona mai faɗi a bayan gidajenmu. Magada suka sayar da ita, aka zo da taswira, aka ce an ware wurin domin gidaje masu yawa, watau fuloti ƙanana da benayen haya, kowane bene iyali shida ko takwas. Da labari ya bazu sai jama'a suka taru a ƙofar mai unguwa, suka ce ba su yarda ba. Aka kira ni, gama makarantata ta allo tana jikin gonar nan. Na saurari kowa, na koma gida na buɗe littattafai. Ga abin da na gani.

Ku sani ba yau Kano ta fara cika tana batsewa ba. Sarki Gijimasu shi ya fara ganuwa, Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta. Bayan Turawa sun ci gari a 1903 sai suka zauna Nassarawa, aka ajiye baƙi a Sabon Gari. Dokarsu ta 1917 ta ce a bar fili na yadi 440 babu gini tsakanin mazauninsu da na baƙar fata. A 1963 wani Bature, Trevallion, ya zana wa birnin tsari na shekara 20, amma mutane suka fi tsarin sauri. A ƙidayar 2006 ƙananan hukumomi 8 na birni da kewaye sun haura mutum miliyan 2 da dubu 800. Rijiyar Zaki, Ɗorayi, Sheka, Hotoro, duka gonaki ne a zamanin iyayenmu. Dokar ƙasa ta 1978 kuwa ta sa filaye a hannun Gwamna a kan amana, saboda haka hukuma ke da ikon cewa nan manyan fuloti, nan ƙanana.

To, mene ne kukan maƙwabta? Na fari, sutura. Mai bene yana tsinkayar tsakar gidan mai ginin ƙasa, inda iyalinsa ke girki da wanki. Na biyu, ruwa. Rijiyoyinmu suna ja da baya kowane rani, kuma idan salga ta kusanci rijiya, amai da gudawa ke biyo baya. Na uku, hanya da magudana. Lungunmu mota biyu ba su giftawa, da damina kuwa kwata cika take. Na huɗu, ba a nuna mana inda makaranta da asibiti da maƙabarta za su zauna ba.

Lalle wannan kuka yana da tushe a shari'a. Mai Risala, Ibn Abi Zaidin, ya hana mutum buɗe taga wadda za ta tona asirin maƙwabcinsa, ko ƙofa daura da ƙofarsa, ko haƙa abin da zai cuce shi, ko da a cikin mulkinsa ne. Ya kuma zo cikin hadisi ingantacce cewa idan an yi jayayya a kan hanya, a sa ta zira'i 7. Wannan fa zamanin raƙumi da jaki ne, balle yau da ake bukatar motar kashe gobara ta shiga.

Amma fa kada mu karanta rabin shafi mu rufe littafi. Muhtasar na Halilu, wanda ya hana tagar leƙe da hayaƙi da wari, shi ne kuma bai hana mutum ɗaga gininsa ba, ko da ya tare wa maƙwabci haske da rana da iska, in ba masussuka ya tare ba. Ashe tsawon gini shi kaɗai ba laifi ba ne, yawan mutane kuma ba cuta ba ne. Abin da shari'a ke kawarwa shi ne cuta bayyananna.

A taron nan na ji wata magana da ta dame ni. Wani ya ce 'yan haya ba a san asalinsu ba. Wani ya ce darajar gidansa za ta faɗi. Na ce musu, “'Yan'uwana, mu da muke zaune nan, a gonar wa muka gina? Da manoman nan sun ce ba su son baƙi, ina za mu sa kanmu?” Su wane ne 'yan hayar? Yaran shagonku ne na Kwari da Singa, da malaman firamare, da ɗalibanmu da suka sauke suka yi aure, da waɗanda fitina ta koro daga Barno da Yobe. Ba su da kuɗin fuloti ƙafa 100 da 100. Idan muka ce sai an bar fili tsakaninmu da talaka, me ya raba mu da masu yadi 440?

Ku duba kuma abin da ke biyo bayan ƙin yarda. Mutanen nan ba za su koma sama ba. Za su nausa cikin Ungogo da Kumbotso su sayi awon igiya, inda dillali ke yanka gona ba taswira, ba lambatu, lungu ko jaki mai mangala ba ya wucewa. Gonakin da ke ciyar da birni su ƙare, kuɗin mota ya cinye abin da talaka ya samo. Mun kori cunkoso mai tsari, mun haifi cunkoso marar tsari.

Saboda haka shawarar da na ba mutanenmu ita ce kada takardarmu ta ce “ba mu yarda ba”, ta ce “mun yarda bisa sharaɗi”. Tagogin bene da ke fuskantar gidajen mutane a ɗaga su sama da tsayin mutum, ko a juya su wajen titi. A yanka hanya a gina magudana tun ba a sa tubali ba. A nisanta salga da rijiya, gama masana lafiya suna cewa mita 30. A ware filin makaranta da masallaci da asibiti, a rubuta shi cikin taswira da hatimin hukuma, don kada a wayi gari an yanka shi an sayar. Waɗansu sun karɓa, waɗansu suna gunaguni har yanzu, amma takarda ta tafi a haka.

Ku kuwa attajirai masu sa dukiya cikin gini, riba halal ce, amma ɗaki biyu da za ka ƙara ta hanyar cin titi, ruwan damina zai kai su ɗakin wani, alhakin kuma yana wuyanka. Ku malamai, idan aka kawo muku irin wannan ƙara, ku tambayi mai kuka ya nuna cutar da idonsa. In ya nuna, a kawar da ita. In ya kasa, to, ƙyashi ne ya sa rigar shari'a.

Allah Ya ba mu maƙwabta nagari, Ya sa mu ma mu zama nagari ga waɗanda za su zo bayanmu.