Kafin ka kai jarinka kasuwar kwamfuta

A Gaya da Ajingi matasa da dama suna buɗe ƙananan shagunan kwamfuta: buga takardu, zanen katin biki da fosta, cike fom ta intanet, wasu ma har da rubuta manhaja. Wani ya gama Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil, wani kuwa a hannun ubangida ya koya. Jarin galibi guda ne, na adashi ko na rago biyu da aka sayar, kuma idan ya shiga mummunan hannu ba a samun na biyu. Abin takaicin shi ne yawanci a rana ɗaya ake asararsa, ranar da aka hau mota ta Wudil aka nufi Farm Centre ko titin Beirut a birnin Kano.

Tarkon da ya fi kama mutane shi ne 'yar takardar da ke manne a jikin kwamfuta. Mai shago zai nuna maka ita ya ce, "Yallaɓai, Core i7 ce fa, ta Turai." Gaskiya ya faɗa, amma rabinta. Kamfanin Intel ya daɗe yana fitar da i5 da i7 zubi bayan zubi, kuma lambar da ke bin sunan ita ce ke faɗa maka shekarun na'urar. Idan ka ga i7-4600U, wannan 4 ɗin na nufin zubi na huɗu, na 2013. Idan ka ga i5-8250U, zubi na takwas ke nan, na 2017, kuma ƙwaƙwalwarta kashi huɗu ce, waccan kuwa biyu. Wato i5 ɗin ta fi i7 ɗin ƙarfi nesa ba kusa ba, amma saboda suna sai a tsuga wa tsohuwar kuɗi.

Akwai wani dalilin da ya sa zubi na takwas ya zama iyaka. Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta kawo ƙarshen kulawar yau da kullum da Windows 10, ita kuwa Windows 11 kusan duk abin da ya gaza zubi na takwas ba ta karɓarsa a hukumance. Masu gyara sun iya dabarar cusa ta a tsohuwar na'ura, za ta kuma tashi, sai dai kamfanin bai ɗauki alkawarin ci gaba da aiko mata gyaran tsaro ba. Mai riƙe da lambobin NIN da hotunan mutane a kwamfutarsa bai kamata ya yi wasa da wannan ba.

A ganina gara ta hannu mai asali da sabuwa mai araha. HP EliteBook 840 G5, Dell Latitude 5490 da Lenovo ThinkPad T480 duk an ƙera su ne don ofisoshi, suna da juriya, kayan gyaransu kuma ba su da wuyar samu a Kano. Ka nemi RAM 8GB aƙalla, 16GB idan manhaja za ka rubuta ko bidiyon biki za ka haɗa, sannan ma'ajiyarta ta zama SSD. Waɗannan sababbi masu sheƙi da ke ɗauke da Celeron da ma'ajiyar 32GB, da Chromebook da ba ta ɗaukar CorelDraw, kyan ɗan maciji ne.

Sai wuta, wadda a wajenmu ita ce ke yanke hukunci. Kwamfutar tebur ta fi araha, ta fi sauƙin gyara, amma da KEDCO ta ɗauke wuta take ta mutu, aikin da ba ka adana ba ya tafi. Ta tafi-da-gidanka cajarta wat 45 zuwa 65 ce, ƙaramin farantin sola da batir sun ishe ta. Inda lissafi ke rushewa shi ne firinta. Mai aiki da garin tona tana zuƙar ɗaruruwan wat lokacin da take ɗumama kanta, ƙaramar inbata ba ta iya ɗaukarta, yayin da mai tankin tawada ke cin wuta kaɗan. Saboda haka kada ka ƙarar da kuɗin duka a kan kwamfuta ka dawo gida kana jiran a kawo wuta.

A shagon ma kada ka yi gaggawa, ko da mai shago na ƙorafin kana tsare masa ciniki. Cire caja ka bar ta tana aiki a kan batir na ɗan lokaci. Danna kowane harafi. Buɗe farin shafi ka duba allon, ko akwai tabo ko layi. Sa tafin hannu kusa da inda iska ke fita, domin na'urar da ta yi zafi a cikin shago, a zafin Afrilu ko ƙurar hunturu sai ta riƙa kashe kanta. Ka sa a shiga BIOS a gabanka. Idan ta nemi kalmar sirri, ko ta nuna sunan wani kamfani ko makaranta ta ƙasar waje, ajiye ta, tana iya kullewa bayan ka kai gida. A rubuta maka rasit da lambar jikin kwamfutar da kwanakin garanti, don daga Ajingi komawa Kano kuɗin mota ne da yini guda, kuma rasit ne zai wanke ka idan aka zo cigiyar kayan sata.

Wanda kuma ke lissafin rajistar JAMB za ta mayar masa da jari, ya sani cewa cibiyoyin da hukumar ta tantance kaɗai ke da izinin yin ta. Ɗan shago mai kwamfuta ɗaya ba ya ciki, kuma yin ta a ɓoye na iya kai mutum hannun hukuma.